Gumbar Sha'aban

Har yau in na ji ƙanshin jiƙaƙƙen gero sai kafaɗuna su yi mini nauyi. Jikokina suna cewa tsufa ne. Na bar su a haka, don ba ni da ƙarfin yi wa kowa dogon bayani, amma ni na san inda ciwon ya samo asali. Shekara biyar na yi ina daka gumbar sadakar mutum ɗaya a Tudun Wada, kuma tun a ta uku na gaji.

Inna ce ta raine ni. Yayar mahaifina ce, ta ɗauke ni ina ƙarama bayan iyayena sun rasu, ban san wata uwa ba sai ita. 'Ya'yanta biyu ne, duk maza. Babban, wanda nake kira Yaya, malamin makarantar boko ne, kullum da tabarau a ido da jarida a hammata, ba ya dariya sai ya ga dalili. Ƙaramin tela ne, yana da keken ɗinki a wata rumfa bakin kasuwa. Shi kam dariya ba ta yi masa wuya, ko akuya ce ta yi tuntuɓe sai ya tsaya ya kalla. Shi na aura, da son raina, na tashi daga ɗakin Inna na koma ɗakin da ke kallonsa a tsakar gida ɗaya. Ko shekara biyu ba mu cika ba, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna.

Da bazara ya hau jirgin ƙasa ya tafi Kano sayen zare da wani ƙarfen keke da ya karye masa. Ya ce kwana biyu zai yi. Ya sauka wurin abokinsa na ƙuruciya, ƙanin maƙwabciyarmu. Ita maƙwabciyar ma'aikaciyar asibiti ce, Kirista, asalinsu mutanen Wusasa, katanga ɗaya ce ta raba mu, kowa a unguwa Malama yake ce mata. Ƙanin nata akawu ne a Kano. Su biyun suka shiga gidan silima kallo, yadda samari suke yi in sun haɗu, sai wuta ta tashi a ciki. Duk wanda ya yi wayo a wancan zamani ya san gobarar da nake nufi, babu garin da labarinta bai shiga ba. Yaya ne ya bi jirgi ya tafi nemo su. Ya dawo da ƙullin zare da ƙarfen keken, a masauki ya tarar da su, an ɗaure su da kyau. Gawa kam babu. Ya ce ba a iya gane kowa, an haɗa su an rufe. Daga ranar ban sake ganin Yaya ya ci tsire ba, ko ta gaban mai tsire ba ya bi.

Da mutuwar kaɗai aka bar mu da mun ji da ita, amma ga bakin mutane. Tun ba a tashi daga zaman makoki ba magana ta fara yawo, wai wanda ya mutu a gidan silima a wurin saɓo ya mutu, wai hukunci ne ya sauka. Wata mata ta zo gaisuwa, ta zauna a tabarmarmu, ta ci goronmu, sannan ta ce da Inna a dage da roƙa masa gafara, don inda ya cika ba wurin cikawa ba ne. Wallahi da ba don takaba ta ɗaure ni ba da na raka ta ƙofa da muciya.  Inna ta aika aka yi mata sallama da limamin unguwa, ta tambaye shi ko za a yi wa ɗanta salla. Liman mutumin kirki ne, bai taɓa sa baki cikin wancan surutu ba. Ya ce mata a karatun da ya gada ba a sallatar gawar da ba ta gaban mutane, sai dai addu'a da sadaka, su kuwa suna isa ga mamaci ko'ina yake. Inna ta kama wannan kalma ta sadaka da hannu biyu.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Na gama takaba, na yi wanka, na yi kitso. A ko'ina nan ne ƙarshe, in an matsa a yi ta shekara a shafa fatiha kowa ya kama gabansa. Da watan Sha'aban ya kewayo, watan da abin ya faru, Inna ta auno gero ta ce in surfa. Na surfa, na wanke, na jiƙa, na daka da sukari da 'yar citta da kanumfari, muka dunƙula muka cika ƙwarya, aka rarraba gida gida har unguwar Gyallesu. Ban ji nauyinta ba a lokacin. Ina daka ina kuka, dakan ma yana rage mini wani abu a ƙirji. Sha'aban na gaba ta sake auno gero. Wanda ya biyo shi ma haka. Ita sanyin ƙashi ya riga ya cinye mata hannu, da ƙyar take ɗaga buta, idonta kuma ya fara yana. Aikinta ta zauna a bakin ɗaki tana jan carbi tana ce mini bai yi laushi ba. Matar Yaya ta taɓa zuwa daga gidansu ta ce za ta taya ni, Inna ta ce a'a, hannun matar mamacin ya fi isa gare shi.

Yaya kuma ya kafa tasa. Shi da abokansa malamai da akawuna da 'yan reluwe suka ce ba za a bar wannan rana ta wuce kamar kowace rana ba, tun da ba gida ɗaya ta shafa ba, ƙasa ce ta yi rashi. Suka riƙa taruwa a filin makaranta duk shekara. A fito da bencuna, liman ya yi addu'a, wani limamin coci ya yi tasa, sannan kowa ya miƙe tsaye a yi shiru na ɗan lokaci, abin da suka gani wurin Turawa. Bayan shirun sai jawabi. A benci na gaba ake zaunar da mu, ni da Inna da Malama, ni da farin mayafi, don jama'a su ga waɗanda aka bari. Shekarar farko filin ya cika, har daga Sabon Gari an zo. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Masu cewa a wurin saɓo ya mutu sun ga liman da kansa ya ɗaga hannu yana roƙa masa rahama a gaban kowa.

To, ga inda abin ya rikice, kuma ba wanda ya hango shi. Inna da wata take lissafi, Yaya da kalandar ofis. A shekarar gobarar Sha'aban da Mayu tare suka zo, sai kowa ya ɗauka rana ɗaya ce. Da shekara ta kewayo, ranar Inna ta riga ta Yaya da 'yan kwanaki. Aka ce ba komai, a daka gumba yau, a yi taro in tasa ta zo. Shekarar da ta biyo ratar ta ƙaru. Ta Inna tana ta ja da baya, ta Yaya tana tsaye a bakin damina, har ta Yaya ta faɗa cikin azumi, daga baya azumin duka ya shige tsakaninsu. Na ce su zaɓi ɗaya mana. Inna ta ce ita ɗanta a Sha'aban ya rasu, ba ta san wani Mayu ba. Yaya ya ce jarida da gwamnati da duk ƙasa Mayu suka sani. Mutum ɗaya ne ya mutu, sau ɗaya kuma ya mutu, amma ni na zama mai zaman makoki sau biyu a shekara. Kamar hakan bai isa ba, Inna ta kafa doka: daga ranarta zuwa ranar Yaya ba a ƙunshi a gidan, ba a guɗa, ba a zancen biki. Tazarar tana faɗi, dokar tana bin ta.

Keken ɗinkinsa kuwa a ɗakina aka ajiye, an lulluɓe shi da zane. Teloli sun yi ta zuwa taya shi, Inna ta ƙi. Shi nake fara gani in na buɗe ido, a kansa nake buge ƙafa in na tashi alwala. Na goge masa ƙura har na daina ganin mai shi a jikinsa, sai ƙarfe kawai da ya cinye mini rabin ɗaki.

A shekara ta uku wani kafinta na reluwe ya aiko neman aurena. Ya gan ni ne ranar da ya zo gyara mana ƙyauren zaure. Matarsa ta rasu, mutum ne mai sanyi, ba shi da dariyar marigayi, amma in ya ce zai zo ranar Juma'a to ka zuba ruwa a buta, zai zo. Ban ce na haukace a kansa ba. Na dai so shi, kuma na so abin da ke tare da shi: ɗakina, tukunyata, da ɗa a bayana. Sa'o'ina duk sun yi goyo biyu, wasu uku. Ni kuwa in na gifta sai a rage murya a ce ga matar wanda ya ƙone a Kano. Baffana na cikin birni, wanda shi ne zai ba da aurena, ya ce shi ba ruwansa, wadda ta raine ni ita ce mai magana.

Inna ba ta taɓa cewa a'a ba. Da ta ce, da na san abin yi. Ita dai ba ta rasa abin da za a bari ya wuce. In dangin kafintan sun zo kafin Sha'aban, bari a yi sadakar bana. In sun zo bayanta, ai taron Yaya bai wuce ba. Taron ya wuce, damina ta sauka, wa ke biki hatsi ya yi wuya, a bari kaka ta yi. Kaka ta yi, sanyi ya tayar mata da ciwon ƙafa, wa zai kula da ita. Kafin ta miƙe Rajab ya tsaya, an koma zancen gero. Bawan Allah nan ya haɗiye, ya sake haɗiyewa, har 'yar kujera ya sassaƙa wa Inna don ta daina zama a ƙasa. Ta karɓa, ta sa masa albarka, ta zauna a kai ta ci gaba da cewa a bari. Danginsa suka fara nuna masa wasu matan, a bakin rijiya nake jin labari.

Taron filin makaranta kuwa yana ta raguwa kamar sabulu. A shekara ta huɗu rabin bencunan ba kowa. Ga siyasa ta shigo gari, kowa da jam'iyyarsa. Mai jawabi zai fara da mamata, kafin ka ankara ya koma zancen zaɓe da mulkin kai. Akwai wanda ya tsaya yana nuna ni da yatsa yana kuka da murya, ya ce mijina direba ne da ya bar marayu. Tela ne, malam, kuma ko ɗa ɗaya bai bari ba, da ka tambaya da an gaya maka. Lokacin shirun nan yara suna buga tamaula a gefe, mai rake yana tallansa. Ni ina zaune rana tana dukana, mayafi ya manne mini a wuya, ina tunanin wankin da na bari a jiƙe. Har gobe in na ji rediyo ta ce za a taru a tuna da wata masifa da ta faɗa wa ƙasa, ba masu jawabi nake tunani ba. Tambayata ita ce wa za su zaunar a gaba, kuma ko an tambaye ta.

Aka fara gardama a kan ko a ci gaba ko a bari. A zaurenmu suke yi, ina jiyo su daga madafa. Liman ya ce shi ya riƙa zuwa ne don kada a ce ya bi masu mugun baki, yanzu kuwa bakin ya mutu, a bar bayin Allah su huta, addini bai ce a riƙa tayar da makoki duk shekara ba. Wani akawu ya ce a cika shekara goma a rufe, ya fi kyan lissafi. Wani ya ce a haƙa rijiya sadaka gare su kowa ya huta. Yaya ya ce su ji suka yi, shi gani ya yi. Ya ce ranar da aka daina taruwa, ranar za a koma cusa jama'a a ɗaki mai ƙofa ɗaya, kuma masu cewa hukunci ne su za a bar wa labarin. Ban ce ƙarya ya faɗa ba. Amma duk cikinsu ba wanda ya leƙo tsakar gida ya ji ta bakina.

Malama kaɗai nake gaya wa cikina. Da yamma in ta dawo daga aiki mukan tsaya ta kan katanga, ita ce ma ta koya mini karatun boko a haka. Ta ce a cocinsu an ambaci ƙaninta shekara biyu, a ta uku aka daina. Ta ji haushi har ta ƙaurace musu na ɗan lokaci, daga baya kuma ta ga barcinta ya fi daɗi. Taron Yaya kuwa kunyarsa ce take kai ta. Na tambaye ta to yaushe ne ya isa. Ta ce in na samu wanda ya sani in turo mata shi.

A Rajab na shekara ta shida kafintan ya aiko ƙanwarsa da magana ta ƙarshe. An yi masa canjin wurin aiki zuwa Gusau, bayan ƙaramar salla zai tashi. In da ni, to madalla. In babu, ba zai sauka baƙon gari ba mata ba, kuma bai riƙe ni da komai ba. Na kai wa Inna maganar tana zaune a kujerar nan tana tsintar wake da lalube, Yaya yana gefe da jaridarsa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce bari dai a ga bayan sadakar bana.

Abin da na tara shekara da shekaru ya zubo gaba ɗaya. Na ce na surfa, na daka, na dunƙula, na zauna a benci an nuna ni da yatsa, me ya rage ban yi ba. Yaya ya ce in rage murya maƙwabta suna ji. Na juya kansa na ce su ji mana, shi in an tashi daga taro wurin matarsa da 'ya'yansa yake komawa, ni kuwa wurin keken ɗinki.

"Inna," na ce, "ni ban mutu a Kano ba. Ina nan a gabanki, ko kin manta?"

Ta ajiye faifan. Ba ta ɗaga murya ba, Inna ba ta taɓa ɗagawa ba.

"Ubanki na ga an fita da shi a wanke," ta ce. "Uban 'ya'yana na ga an sa masa likkafani, an yi masa salla, an san inda yake kwance. Shi wannan ko ruwa ba a zuba masa ba. Kowa cewa yake in gama. Ta ina zan gama abin da ba a fara ba?"

Ban huce ba, kada in yi ƙarya. Tausayinta ya kama ni, haushinta bai sake ni ba. Na shiga ɗaki na jawo ƙyaure. Muka yi kwanaki muna gaisawa kamar baƙi, in ajiye mata tuwo in fita. Kafintan ban aika masa komai ba, don ba ni da abin aikawa.

Sha'aban ya tsaya. Tun da idon Inna ya yi rauni ni ce mai gaya mata an ga wata, ita kuma ta fara ƙirgen kwana. Wannan karon na yi gum. Na ce a raina in ta tambaya zan faɗa, in ba ta tambaya ba, ba ni zan tayar da zancen ba. Ba ta tambaya ba. Ina jira ta ce in ɗauko mudu, ba ta ce ba. Ranar ta zo, ni na san ta zo, tun safe nake kasa kunne. Inna ta sha kokonta, ta yafa mayafi, ta ce za ta shiga wurin Malama a ɗiga mata maganin ido, tun da yau Malamar tana hutu. Ta ce kada in raka ta, ta san bangon. Sai bayan azahar ta dawo, ta kwanta. Da na kawo mata tuwo ta ce in ba ta cokali, wai tafin hannunta yana ciwo, igiyar guga ce ta goge ta. Na hau ta da faɗa, na ce wa ya aike ta rijiya ina cikin gidan. Ta ce to, ta ji.

Ranar ta wuce ba a daka komai a gidanmu ba. Na ce a raina tsufa ya ci ƙarfinta, ta manta. Kunya ta kama ni da na ga daɗi nake ji, amma daɗin ya fi kunyar yawa.

Kafin azumi ya kama ta ce a kira mata Baffa. Aka sa rana cikin satin salla. Na yi ƙunshi a tsakiyar kwanakin da doka ta hana, ba ta ce uffan ba. Yaya ya zo ya ce aƙalla a ɗaga har taronsa ya wuce, in zauna a benci karo na ƙarshe. Inna ta ce masa matar wani ce daga yanzu, ba ta da wurin zama a bencin nan. Aka ɗaura aure, na tare. Taron an yi shi ba ni. Mutane kaɗan suka zo, hadari ya taso aka watse tun ba a kai ga jawabi ba. Shi ne na ƙarshe, ko da yake ba wanda ya tsaya ya ce an rufe. Da shekara ta kewayo an mai da Yaya Kaduna, ba a samu mai fito da bencuna ba.

Ana gobe za mu hau jirgin Gusau na zo unguwa sallama. Na fara shiga gidan Malama, na ce mata ga amanar Inna nan, ta riƙa leƙa ta, don kanta ya fara rikicewa, bana har ranar ɗanta ta manta.  Malama ta ce an hana ta faɗa, amma ba za ta bar ni in tafi Gusau ina ɗaukar tsohuwar nan mai mantuwa ba. Ta ja hannuna zuwa ɗakinta na ƙurya.

"Tun kafin ranar ta miƙo mini geron ta kan katanga, kina kasuwa," ta ce. "Ni na surfa na jiƙa. Da ta shigo muka jawo turmi cikin ɗakin nan, muka ninka bargo muka ɗora shi a kai, muka rufe ƙofa da taga. Na ce ta bari in daka. Ta ce ni in daka rabon ƙanina, na ɗanta ita za ta daka. Tana yi tana hutawa har azahar."

Na ce to gumbar fa, ban ga an raba ba. Ta ce asibiti ta kai wa marasa lafiya, don kada ko dunƙule ɗaya ya shigo unguwa.

"Cewa ta yi in kika ji ƙarar turmi za ki fito ki karɓi taɓarya," in ji Malama. "In kika karɓa kuma ba za ki tafi ba."

Na zauna a bakin gadonta. Na tuna cokalin, na tuna faɗan da na yi a kan igiyar guga. Taɓaryar Malama tana jingine a lungu, ta icen ƙirya ce, ni kaina da ƙuruciyata sai na yi nishi nake ɗaga ta.

Na shiga wurin Inna na durƙusa. Ta dafa kaina ta ce Allah ya ba da zaman lafiya, in riƙa haƙuri, in rage wannan baki nawa. Na kama hannunta na juya tafin. Fatar ta warke, ta yi tauri a gindin yatsu. Ta janye ta ce me nake nema. Na ce ba komai. Ita ba ta faɗa ba, ni ma ban faɗa ba, har ta koma ga Allah shekara biyu bayan nan, kuma Malama ta ce Inna ba ta tsallake Sha'aban ko ɗaya ba.

A cikin kayana akwai wata siririyar taɓarya marar nauyi, wadda hannuna ya saba da ita, an riga an naɗe ta cikin tabarma don tafiyar. Da safe, ana shirin kai kaya tasha, na kwance ɗaurin na zare ta. Mijina ya tambaya ina zan kai ta, jirgi fa ba ya jira. Na ce yanzu zan dawo. Na kai ta gidan Malama na jingina ta a bayan ƙofar ɗakin ƙurya, kusa da bargon.